Dare ɗaya a Banban: na je kallon Muse a Soundstorm

Tun da na dawo daga Riyad 'yan majalisarmu a nan Jidda suke tsokanata da tambaya ɗaya: kuɗin jirgi, kuɗin tikiti, kuɗin masauki, duk don ka je ka ga Turawa uku suna kaɗa jita, kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa? Ta biya. Amma da sauran bayani.

Bikin shi ne Soundstorm, wanda kamfanin MDLBEAST yake shiryawa a Banban, arewa da birnin Riyad, tun Disamban 2019. Wanda na je shi ne na 2024, da aka yi daga 12 zuwa 14 ga Disamba. Asalinsa dandalin DJ-DJ ne, masu haɗa kiɗa da na'ura, shi ya sa shekara da shekaru ban ko waiwaye shi ba. Da aka kawo Metallica, ƙungiyar mawaƙan rok ta Amurka, a 2023 na ce to, an fara zuwa unguwarmu. Da na ga sunan Muse, ƙungiyar mawaƙan rok ta Ingila, a jerin baƙin 2024, tare da su Linkin Park da Eminem, ban yi shawara da kowa ba sai da tikiti biyu suka shiga wayata, nawa da na ƙanena.

Ga wanda bai san abin da ya kai ni ba: akwai wani reshe na kiɗan rok da masu shi suke kira furog, wato rok mai dogon zango. A Ingila ya tsiro a ƙarshen shekarun 1960, a hannun ƙungiyoyi irin su King Crimson da Yes da Genesis da Pink Floyd. Waƙarsu ba ta minti uku ba ce da za ka ji a rediyo ka wuce. A 1972 Yes sun fitar da faifan da waƙa guda ta cinye gefe ɗaya sukutum, minti 18 da ɗoriya. Kiɗan yakan taso a hankali, ya sauya tafiya, ya ɓace, ya dawo da wata kama. Mafi yawan kiɗan zamani huɗu-huɗu ake ƙirga shi, su kuwa sai su yi maka bakwai ko biyar, ƙafarka ta rasa inda za ta sauka.

Wani ɗan Filifin da muke gyaran na'urar sanyaya ɗaki tare shi ya fara sa mini shi a mota, yana zaton zan ce ya kashe. Bai san a gidan da na tashi ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da jakar kaset ya zo ƙasar nan, kuma idan ya sa Narambaɗa ko Shata babu mai tari sai waƙa ta kai ƙarshe. Kunnen da ya saba da bakandamiya, ya saba jin kotso ko kalangu yana juya kiɗa a tsakiyar waƙa 'yan amshi suna biye, ba zai ga tsawon waƙar Bature ya tsorata ba.

Na san masu ra'ayin riƙau cikin masoya furog za su ce Muse ba 'yan gida ba ne, maƙwabta ne. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin da yawa daga waƙoƙinsu gajeru ne masu amshi. Amma ni da nake zaune a Jidda ba ni da zaɓi goma a gabana. Da babu gara ba daɗi.

Su uku ne, daga wani ƙaramin gari mai suna Teignmouth a gaɓar tekun Ingila, kuma tun 1994 suke tare: Matt Bellamy mai waƙa da jita da fiyano, Chris Wolstenholme mai jitar bas, wato jita mai kaurin sauti, Dominic Howard mai ganguna. Na shekara fiye da goma ina jin su ta abin kunne, ina ganin na san su. Ashe ban san bas ba. A waya jin sa kake yi, a fili kuwa shi yake taɓa ka. Ya shiga ƙirji, ya sauka ciki, har maɓallan rigata na ji suna rawa. Muryar Bellamy kuma takan hau can sama ta sirance har ka ce yanzu za ta tsinke, ba ta tsinkewa. An ce gani ya kori ji. A daren nan ji ne ya kori gani, don sau da yawa rufe ido na yi na bar wa wasu kallon fitilun da manyan allunan.

Ƙanena bai taɓa damuwa da irin wannan kiɗa ba, rakiya ya yi mini. Can cikin wata waƙa mai gangunan ya sauya taku, sai na ji ya kama hannuna yana ihu a kunnena: "Yaya, ya juya! Wallahi ya juya kamar na kaset ɗin Baba!" Wannan kaɗai ya biya mini tikitinsa.

Jama'ar ma abin kallo ce. Samarin Saudiyya da baƙaƙen riguna, 'yan mata da abaya suna rera baiti bayan baiti ba kuskure, Indiyawa, 'yan Lebanon, 'yan Filifin. Babu giya, don haka babu mai tangaɗi yana faɗo maka. Wanda ya san ƙasar nan kafin a kafa hukumar nishaɗi a 2016, lokacin da ko gidan sinima babu sai da aka sake buɗewa a 2018, dole ya tsaya ya ɗan yi shiru.

Abin da bai yi mini ba kuwa, ba laifin kowa ba ne illa yanayin biki. Kowace ƙungiya da lokacinta a ƙayyade, wata na jiran ta hau, ga dubban mutane da amshi suka zo nema. Da kiɗa ya lafa, aka bar fiyano shi kaɗai, wurin da ni nake jira kenan, sai na kusa da ni suka ɗauka hutu aka ba su: hira, dariya, ɗaukar hoto. Wani dogo a gabana ya ɗaga waya tun farko bai sauke ba, rabin wasan ta allonsa na kalla. Furog kiɗan zama ne, na kasa kunne. A biki ɗanɗano za ka samu, ba ƙoshi ba.

Sauran wahalar ni na jawo wa kaina. Mutumin Jidda bai san sanyi ba. Na tafi da riga mai dogon hannu ina ganin na yi shiri, Banban ta nuna mini Disamban Najad, yankin da Riyad take, daban yake. Kafin tsakar dare haƙorana suna nasu kiɗan, kofin shayi na riƙe ba don sha ba sai don ɗumin hannu. Filin kuma faɗi gare shi, daga wannan dandamali zuwa wancan tafiya ce sosai, ni kuwa da sabon takalmi. Mai niyyar zuwa ya ɗauki rigar sanyi ta gaske da tsohon takalminsa, ya sayi abin toshe kunne a kantin magani, don kwana biyu kunnuwana suka yi suna ƙara. Kada kuma ya kashe kansa wajen kutsawa gaba. Tsakiyar fili, kusa da rumfar masu daidaita sauti, nan kiɗa ya fi fita tas.

Zan koma? Idan an kawo masu kaɗa kayan kiɗa da hannunsu, e, kuma dare ɗaya ya ishe ni.

Da muka dawo na nuna wa Hajiya ɗan abin da ƙanena ya ɗauka. Ta gyara tabarau, ta kalla kusan minti guda, ta ce, "Yaron nan yana da murya. To wane sarki yake wa waƙar?" Na ce ba kowa, Hajiya. Ta miƙo mini wayar. "Duk wannan wahala, ba ko doki?"