Baiti kafin kiɗa, ko kiɗa kafin baiti?

Matasan mawaƙa masu cin gashin kansu sun sha tambayata wanne ya fi: a rubuta waƙa a je sitidiyo, ko a karɓi kiɗa a ɗora baiti.

Wanda ya fara da alƙalami yana da sarari. Zai zaɓi amsa-amo (sautin da layuka ke ƙarewa da shi), ya yanke ko ƙwar biyu (baiti mai layi biyu) zai yi ko ƙwar biyar (mai layi biyar), ya tace kalma har ta zauna. Kuɗin da zai kashe ma na raguwa, domin ba ya ɓata lokacin sitidiyo yana laluben magana. Haɗarin shi ne baiti ya ƙi hawa kiɗa, a tilasta masa datse layin da ya fi so. Wannan yana da zafi ƙwarai.

Fara da kiɗa ya fi sauri, amshi yakan zo da kansa, masu rawa a biki su karɓa nan take. Sai dai kiɗan fiyano kan ja harshe zuwa kalmomin da kowa ya riga ya faɗa.

Mai saƙo, na wa'azi ko na zuci, alƙalami ya fi dacewa da shi. Mai waƙar biki da fim, wanda ake jira gobe, ya fara da kiɗa.