Autosol a jikin injin babur: inda yake aiki da inda ake asararsa

Man goge ƙarfen nan na Autosol ya yi suna a wajen masu babur, har wasu na ganin da ka shafa shi, shi ke nan inji ya koma sabo fil. Na daɗe ina amfani da shi a tsohon babur ɗina mai silinda ɗaya, irin wanda iska ke sanyaya injinsa. A kan murfin inji mai santsi ba ni da ta cewa sai yabo. A tsakanin haƙarƙarin silinda kuwa, wato layukan ƙarfen nan da suka fito jere a jikinta don fitar da zafi, asarar mai ce kawai.

A Solingen ta ƙasar Jamus ake yin sa, garin da aka sani da wuƙaƙe da almakashi, kuma kamfanin ya faro tun 1929. Wanda na saba saye shi ne na matsawa mai mililita 75. Farin mai ne mai kauri, da ɗan warin amoniya da ke hawa hanci idan kana aiki a rufaffen wuri. A cikinsa akwai garin gurza mai laushin gaske, shi ke cin saman ƙarfen kaɗan-kaɗan. Ɗan abin da za ka lakato da kan yatsa ya isa wuri mai faɗin tafin hannu, don haka yana da auki ƙwarai.

Murfin injin da haƙarƙarin na alminiyam ne, shi kuwa alminiyam ba ya jan tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Da ya haɗu da iska sai ya yi wa kansa wata 'yar fata siririya, ita ke kare shi, ita ce kuma ke dusashe masa ƙyalli. Idan ruwa da gishiri da laka suka daɗe a kai, sai ka ga farin gari-gari da ƙananan ramuka. Aikin Autosol shi ne cire wannan fatar da ta dushe. Ka shafa, ka murza da tsumma mai laushi, kafin ka ankara tsumman ya yi baƙi ƙirin. Mutane da yawa na zaton datti ne ke fita. Ƙarfen ne da kansa ke gogewa. Ka juya tsumman wajen da ke da tsabta ka share, sai hasken ya taso daga ƙasa, fari mai zurfi, ba irin ƙyallin kurom mai kashe ido ba. Murfin kulocina har inuwar fuska nake gani a ciki, kodayake gefen da takalmi ke gogawa bai taɓa kai sauran ba.

Wannan baƙin tsumman shi ne ma gwajin da ya kamata kowa ya fara yi. Babura da yawa, musamman na Japan, an fesa wa murafen injinsu banish mai garai-garai tun daga masana'anta, wasu kuma fenti ne ruwan azurfa da ke kama da ƙarfe tsirara. Ka sami lungun da ido ba ya kaiwa, ka murza man. Idan tsumma bai yi baƙi ba, to ba ƙarfe kake gogewa ba, akwai abin da ya rufe shi, ko kwana za ka yi kana murzawa ba abin da zai fito. Nawa banish ne, ya tsufa ya yi ruwan ɗorawa, ruwa ya shiga ta inda ya tsattsage ya yi zane-zane fari a ƙarƙashi. Sai da na kwance murfin, na cire banish ɗin da maganin cire fenti, sannan aka fara maganar gogewa. Wanda nasa fenti ne mai lafiya, ya bar shi, sabulu da ruwa sun ishe shi. Haka kayan da aka rina da lantarki, irin masu launin shuɗi ko ja ko zinariya: man zai iya cinye launin.

Abin da masu yabon man ba su cika faɗa ba shi ne, kaso mafi girma na aikin samfefa ce ke yin sa. Autosol ba ya cike rami, ba ya share karce mai zurfi. Idan ka shafa shi a murfin da ya ci duniya, abin da za ka samu shi ne ramuka masu ƙyalli. Ni da mai lamba 400 nake farawa inda ya lalace sosai, in koma 600, 800, 1000, 1500, in ƙare da 2000 wadda ta fi su laushi, kowacce da ruwa da ɗigon sabulu. Duk lokacin da na canza lamba sai in canza hanyar gugar, wannan a tsaye, na gaba a kwance, don in gane ko zanen na baya ya ɓace. Aiki ne mai cin rai da yatsu. Amma wanda ya tsallake daga 600 zuwa man gogewa zai ga kowane zane ya fito raɗau da rana ta haska.

Sai haƙarƙarin. Yadda aka zuba su a masana'anta haka suke, da kaushi, ba a taɓa nufin su yi sheƙi ba. Ka cusa farin mai a wannan kaushin, ya shige ƙananan ramuka ya bushe, sai ka koma neman yadda za ka fitar da shi da buroshi. Abin da suke buƙata wanki ne. A bar inji ya huce sarai, a toshe bakin salansa, a rufe kabureta da wajen shan iska da leda, a bar fulogi a ɗaure da hularsa. Kananzir ko maganin cire maiƙo wanda aka rubuta cewa bai cutar da alminiyam, a bar shi ya jiƙa baƙin man da ya daskare, sannan a bi da buroshin roba mai dogon gashi. Can ciki inda buroshi ba ya kaiwa, tsinken katako nake naɗe wa tsumma, ko in yanko soson Scotch-Brite siriri in zura shi in riƙa ja da hannu biyu. Wannan wankin ya fi kwalliya muhimmanci, don ta haƙarƙarin nan zafi ke fita, laka da maiƙo in sun toshe tsakaninsu kamar ka lulluɓa wa injin bargo ne. Wuri ɗaya da man ke da amfani a nan shi ne bakin haƙarƙarin na waje. Idan ka bi shi da samfefa a naɗe a ɗan katako, ka goge da Autosol, layukan suna fitowa fari tas, cikin kuma ya zauna da duhunsa. Wannan yana da kyau a ido, ba ƙarya.

Abu biyu ne ba na bari su kusanci injin. Na farko duk wani abin wanki mai soda mai ƙuna, irin na wanke tanda, domin soda tana narkar da alminiyam, ta bar shi da tabo mai toka-toka. Na biyu buroshin waya na baƙin ƙarfe. Yana karce wurin, yana kuma barin ɓurɓushinsa a ciki, bayan an sha ruwan sama sai ka ga ɗigon jar tsatsa a jikin ƙarfen da ba ya tsatsa.

Hasken ba ya dawwama, kuma wannan halin alminiyam ne, ba laifin man ba. Yana barin ɗan abin kariya a sama, amma tunda an cire banish, zafin inji da ruwan hanya za su dusashe shi a hankali. Sai dai maimaitawar ba ta da wuya, shafa ɗaya da tsumma ne, ba sai an koma ga samfefa ba. Wanda ba shi da wannan juriyar gara ya sake fesa banish mai jure zafi bayan ya goge, amma ya fara wanke ragowar man tsaf, in ba haka ba banish ɗin ba zai kama ba. A sa safar hannu kuma, baƙin nan idan ya shiga ƙarƙashin farce yana daɗewa bai fita ba.