Hattara da masu tallar garin "sitem sel" a zangunan Kumasi

Jama'ar Aboabo da Asawase, don Allah ku karanta ku isar wa na kusa.

Ɗan ƙanwata shekararsa shida. Bara ya fara tuntuɓe yana faɗuwa, harshensa ya yi nauyi. Da aka ɗauki hoton MRI, likita ya ce cutar gado ce mai cin farin ɓangaren ƙwaƙwalwa, wato rufin da ke lulluɓe jijiyoyi kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Ba a yi sati biyu ba sai ga wata mata ta yi sallama da jaka cike da 'yan fakitin gari. "Hajiya, sitem sel ne, ki zuba masa ƙarƙashin harshe safe da yamma, ko kansar ƙwaƙwalwa narkar da ita yake yi." (Ainihin sitem sel ƙwayoyin asali ne na jiki, waɗanda sauran ƙwayoyin jiki ke fitowa daga gare su.) Ƙanwata ta sayar da sarƙarta da atamfofinta ta tura kuɗin ta MoMo. Wata huɗu ba a leƙa asibiti ba. Yaron da yake takawa yana dafa bango, yau sai an ɗauke shi. Da uwar ta koka, sai matar ta ce mata ta kawo mutum uku su yi rajista a rage mata farashi.

Ni da idona na karanta bayan fakitin: garin tuffa ne da inabi. Ƙwayar tsiro ba ta zama ƙwayar ɗan Adam, kuma duk abin da aka haɗiye ciki ne zai narkar da shi kamar tuwo.

Maganin sitem sel na gaskiya shi ne dashen ɓargo, kuma wasu nau'o'in cutar kaɗai ake yi wa, irin su ALD da Krabbe. Sai an samo wanda ɓargonsa ya dace, a yi wa yaro kemo mai ƙarfi (irin maganin da ake kashe ƙwayoyin kansa da shi), ya shafe makonni a keɓaɓɓen ɗaki. Da wuri yake amfani, kafin cutar ta ci jiki, domin tsayar da ita yake yi, abin da ya lalace ba ya dawowa. Lenmeldy, maganin wani nau'in cutar da Amurka ta amince da shi a 2024, dala miliyan 4.25 aka sa masa a lokacin. Shi ne za a kawo muku cikin jaka har tsakar gida?

Ƙari a ƙwaƙwalwa kuwa aikin tiyata ne da gasawa da hasken na'ura da kemo. Ku kai mara lafiyarku Komfo Anokye. In mai tallar ta nuna muku lambar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, ku duba ko rajistar abincin ƙarin lafiya ce, ku ɗauki hoton fakitin da lambar MoMo ɗinta ku kai ofishin hukumar.