Masu datse bishiya a Legas: tsadar tasu ta cancanta?

Masu gidaje da yawa a Ikeja GRA, Ikoyi da Magodo suna mamakin yadda mai datse bishiya ke neman kuɗin da ya ninka na gadina, wato mai kula da lambu, nesa ba kusa ba, alhali wuni ɗaya zai yi. Gadina ɗan albashin wata ne, ko a biya shi duk zuwa: yankan ciyawa, ban ruwa, gyaran shinge, shara. Da damina, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, kusan duk mako biyu sai an bi ciyawa. Aiki ne na ƙasa, in ya yi kuskure ciyawa za ta sake fitowa.

Mai hawa bishiya kuwa jinga yake yi, kuma kuɗin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ƙwararru sukan zo su uku: mai hawa, mai riƙe igiya, da mai kwashe rassa. Akwai injin zarto, wanda ake haɗa wa fetur da man inji, galibi mililita 100 na mai a lita 5 na fetur, ban da man sarƙa. In aka yi rowar man nan injin zai ƙone. Sai kuɗin motar da za ta kwashe itacen.

Wurin yankan reshe ake gane gwani. Yanka uku yake yi. Na farko daga ƙasan reshe, kamar santimita 30 daga jikin bishiya, zurfin kashi ɗaya cikin uku. Na biyu daga sama, ɗan gaba kaɗan, har reshen ya rabu. Na uku ya cire guntun da ya rage daidai wuyan reshe, wato kumburin da ke inda reshen ya haɗu da jikin bishiya. Wanda ya sara sau ɗaya daga sama, nauyin reshen zai yage ɓawon har ƙasa, ruwa ya shiga, bishiyar ta ruɓe ta ciki. Manyan rassan mangwaro ko darbejiya da suka leƙa kan kwano, ɗaure su ake yi a sauke da igiya gunduwa-gunduwa. Kuma ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganye lokaci guda. Masu yi wa bishiya aski tas su bar kututture tsaye sun cuce ka, don tohon da zai biyo baya ba shi da ƙwari, iskar damina na zuwa zai karye.

Inda masu wannan sana'a suka gaza shi ne kayan kariya. Da yawa suna hawa ba hular kwano, ba ɗamarar ɗaure jiki, wani ma da silifas. Kuma ba kowa ke gaya maka cewa a Legas sare ko datse bishiya sai da izinin LASPARK, hukumar kula da lambuna da wuraren shaƙatawa ta jihar, ba. In rassa sun kusanci wayar lantarki, sai kamfanonin rarraba wuta, Ikeja Electric ko Eko, sun ɗauke wuta kafin a hau.

Kuɗinsu ya cancanta in sun zo da igiya, inji da mutane. Kafin a fara, a yi magana a fili kan kwashe itace, tone kututture, da wanda zai biya in reshe ya fasa katangar maƙwabci. Gadinanka kuma, ka bar shi a kan abin da hannunsa zai kai daga ƙasa, kada ka tura shi sama da adda don neman sauƙi.