Toledo, garin da ba a tayi

Yaya, bayan gaisuwa da fatan su Hajiya da yara suna lafiya. Kullum ƙorafinka ba na ba ka labarin komai sai aiki da sanyi, to ga na Toledo, wani gari a ƙasar Spain, inda na yini ranar Asabar.

Daga tashar Atocha ta Madrid jirgin ƙasa ya kai mu cikin kusan rabin awa, tafiyar kilomita 70. Lokacin da ke jikin tikiti, a lokacin ya tashi, ba mai ihun saura mutum ɗaya. Garin bisa tudu yake, kogin Tajo ya kewaye shi ta gefe uku. Na ɗaure ɗamarar hawa irin na Dala, sai ga matakala mai tafiya da kanta a jikin tudun, kyauta, ta ɗauke mu har sama. Tsofaffi da sandunansu suna hayewa ko haki babu.

Abin da garin ya yi suna a kai ƙira ce. Lungu bayan lungu shagunan takubba da wuƙaƙe ne, amma masu arahar da yawa ba a nan aka ƙera su ba, shigo da su ake yi don baƙi. Aikin da ya tsayar da ni shi ne wanda suke kira damasquinado. Na tarar da wani dattijo a bakin shagonsa, gilashi a kan hanci, yana dasa zaren zinare a jikin baƙin ƙarfe da 'yar guduma kamar cokalin shayi, a hankali, sai ka ce mai ɗinkin hula. Na ɗauki wani ɗan faranti don Hajiya, na taya rabin kuɗin kamar a Kurmi nake. Ko albarka bai ce ba, Yaya. Ya nuna min takardar farashi da yatsa, ya koma kan aikinsa. Kunya ta sa na biya yadda aka rubuta. Ba su cuce ni ba, amma ciniki ba hira, ba ragi, ba gyara, ni dai bai yi min daɗi ba.

Abinci kuwa sai da tambaya, don naman alade ya shiga kusan komai, har carcamusas, miyar naman da suke taƙama da ita. Na tsaya kan burodi da kifi, sai mazapán, wani kayan zaƙi na almon da sukari. Zaƙinsa ya fi na alkaki, biyu na ci na ƙoshi.

Da la'asar na nemi tsohon masallacin Bab al-Mardum, ginin shekarar 999, zamanin Andalus. Bayan Sarki Alfonso na shida ya ci garin a 1085, daga baya aka mayar da shi coci. Ƙarami ne, bai fi masallacin unguwarmu ba, ginshiƙai huɗu da ƙananan ƙubbobi tara, ga rubutun Larabci da jan bulo a goshinsa. Sai da na sayi tikiti kafin na shiga, da takalmina.

Farantin yana cikin kayan da zan aiko kafin azumi. Kada ka gaya wa Hajiya kuɗinsa.