Tikitin kakar 2024/2025 a filin Polesud: ya biya kuɗinsa?

Na sayi tikitin kakar wasa gaba ɗaya na ƙungiyar Brûleurs de Loups ta birnin Grenoble, don kallon wasan hoki na ƙanƙara a gasar Ligue Magnus, babbar gasar Faransa. Ƙungiyoyi 12 ne, kowace tana buga wasa 44 kafin zagayen sili-ɗaya-ƙwale, ka ga 22 ke nan a gida.

Abin da kuɗina ya saya mini shi ne gani da ido. A talabijin ɗan faifan robar nan baƙi da suke bugawa ɓacewa yake, sai dai ka ga mutane suna tsalle ka san an ci. A Polesud kuwa, filin da ƙungiyar ke buga wasanninta na gida, kana ganinsa, kana jin ƙarar sanda, kana jin yadda ƙato ke maka ɗan'uwansa da bango har gilashi ya girgiza. 'Yan wasa shida ne a kowane ɓangare har da gola, ana kuma sauya su wasa na gudana, abin da ya fi ɗaure mini kai da farko. Zango uku ake yi, minti 20 kowanne, amma da yake agogo na tsayawa duk lokacin da aka busa, ka ware awa biyu da wani abu.

Zuwa ba wahala, jirgin taram (jirgin ƙasa na cikin gari) na layin A yana sauke ka kusa da ƙofa. Sanyi dai akwai shi, ka zo da rigar sanyi da safa mai kauri.

Inda na ɗan ja baya: wasa 22 ba kaɗan ba ne, kuma ba duka ke da armashi ba. In manyan ƙungiyoyi irin su Rouen ko Angers suka zo, filin mai cin mutum sama da 4,000 kamar zai tsage. Wani daren tsakiyar mako kuwa, da ƙungiyar da ke can ƙasan teburi, tun zango na biyu ka san yadda za ta kaya, hankalinka ya koma kan aikin gobe.

Mun yi sa'ar kaka: Grenoble ta doke Angers a wasannin ƙarshe ta ɗauki Kofin Magnus na 9 a tarihinta. Duk da haka, wanda bai taɓa kallo ba, kada ya fara da tikitin kaka. Ya sayi na rana ɗaya, ranar da Rouen za ta zo, ya zauna a sama kaɗan inda zai ga filin gaba ɗaya.