Hattara da masu tallan mutum-mutumin Japan a Instagram: yadda aka damfare ni da sunan Gundam

Jama'a, ina rubuta wannan ne saboda shafin da ya ci kuɗina bai mutu ba. Suna kawai ya sauya, kuma a makon nan na sake cin karo da tallansa. Duk mai yaro a gida da ke son irin mutum-mutumin nan na Japan, ko shi kansa yake so, ya daure ya karanta kafin ya tura wa kowa ko sisi.

Ɗan yayata shekararsa 13. Tun yana ƙarami ba abin da yake so kamar ƙere-ƙere, daga motar kara ya koma ta langa-langa, har injin tsohuwar rediyo ya taɓa cirewa ya yi fanka da shi. A wayar mahaifiyarsa ya fara ganin bidiyon masu haɗa Gundam, ya zo ya same ni ya ce, "Kawu, wannan fa ba a haɗe ake sayar da shi ba, kai za ka haɗa da hannunka." Na yi masa alkawari idan ya ci jarrabawar aji uku zan saya masa. Ya ci, alkawari ya hau kaina.

Ga wanda bai sani ba, Gundam shirin zane ne na talabijin da aka fara nunawa a Japan a 1979, labarin yaƙi da wasu manyan mutum-mutumi da mutane ke shiga ciki suna tuƙawa. A 1980 kamfanin Bandai ya fara sayar da ƙananan samfurinsu na roba da ake kira Gunpla, na farkon a kan yen 300, kuɗin Japan. Zuwa 2019 an fitar da fiye da miliyan 500, kuma akasarinsu a masana'antar kamfanin da ke Shizuoka ake yin su. Abin ya wuce wasan yara a can, magidanta da furfurarsu suna layi su saya, kuma a unguwar Odaiba ta Tokyo an kafa wani mai tsawon kusan mita 20 a gaban kanti a 2017. Kasuwa ce babba, shi ya sa jabu da 'yan damfara suka yi mata yawa.

Shafin da na samu ya ce kai tsaye daga Japan yake kawo kaya. Hotuna tsaf, bidiyon kantoci cike da kwalaye har rufi, ga hotunan hirar waɗanda wai sun karɓi kayansu suna ta godiya. Na yi masa magana, nan take ya mayar da ni WhatsApp. Mutumin akwai ladabi, kowace magana sai ya ce ranka ya daɗe, har da tambayar lafiyar iyali. Ya ce tunda kyautar yaro ce, kada in tsaya kan ƙarami, akwai babban da ake kira Perfect Grade Unleashed, saura guda biyu a cikin kayan da za su taso, zai bar mini a naira dubu 95. In ba da dubu 50 kafin alƙalami, sauran idan kaya sun sauka.

A nan ne ya kamata in tsaya in yi lissafi. Wannan samfurin ya fito a Disambar 2020, kuma a kan yen 27,500 ya fito a Japan ɗin kanta. A canjin lokacin da muke cinikin kuɗin ya haura naira dubu 200 nesa ba kusa ba, ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa na kwastan ba, ba a sa ribar mai kawowa ba. Ga shi kwalinsa ƙato ne mai nauyi. Babu ɗan kasuwar da zai sayi abu a Tokyo ya kawo maka Kano a ƙasa da rabin kuɗin da ya saya. Lissafin minti biyu ne, amma ban san farashin asalin ba a lokacin, shi kuma da wannan rashin sanin yake cin abinci.

Na tura. Bayan mako uku ya aiko da hoton wata takarda ya ce kwastan sun riƙe kaya, kowane mai oda zai ƙara dubu 18. Raina bai so ba, amma wanda ya riga ya zuba dubu 50 yana ganin janyewa ita ce asarar. Na ƙara. Bayan kwana goma ya ce kaya sun fito, in cika ragowar kafin ya ba direba. Na ce a kawo in gani tukuna, ya ce shi ba ya haka, ya turo hoton ƙunshi da sunana a jiki. Na cika. Jimla naira dubu 113.

Abin da ya sa wannan damfarar ta fi ta sauran haɗari shi ne yana aiko da kaya. Da gaske na je tasha na karɓi ƙunshi. Tun daga ɗaga shi na ji ba nauyi. A gida muka buɗe tare da yaron, shi ne ma ya fara ganewa, ya ce, "Kawu, wannan ai ƙarami ne."

Gaskiyarsa. Girman Gunpla a lissafe yake. Gundam na farko a cikin labarin mita 18 ne. Perfect Grade kashi ɗaya ne cikin 60, wato kusan santimita 30. Master Grade ɗaya cikin 100, santimita 18. High Grade da Real Grade ɗaya cikin 144, ba su kai santimita 13 ba. Abin da aka aiko mana mai girman 144 ne, kuma shi ɗin ma jabu. A jikin kwalin babu tambarin Bandai ko ɗaya, an cire sunan Gundam an sa wata kalma a gurbinsa, hoton ya dusashe kamar an kwafo daga kwafi. Na asali, idan ka duba firam ɗin robar da gutsattsarin ke maƙale a jiki, za ka ga an zana sunan Bandai da shekara, kuma galibinsu da rubutun cewa a Japan aka yi. Namu wurin a shafe yake fes. Sannan babban abin da aka san Gunpla da shi shi ne gutsattsarin suna shiga juna ɗas ba tare da gam ba. Namu wani ya yi sako-sako, wani sai an danna da ƙarfi, robar tana wari, da yaron ya zo sa hannun dama sai gaɓar ta karye. Bai yi kuka ba, ya tattara komai ya mayar kwali ya ce ba komai. Wannan shirun nasa ya fi kuɗin yi mini ciwo.

Na tura wa mutumin hotuna. Ya ce kuskuren yaran shago ne, za a canza. Washegari ya toshe ni ko'ina. Na kai ƙorafi bankina da duk shaidar da nake da ita, sai dai an riga an kwashe kuɗin daga asusun. Wanda abin ya faru da shi kada ya tsaya lallashi kamar yadda na yi makonni, ya garzaya banki a ranar, ya adana hira da rasit da lambar asusu, ya kuma shigar da ƙara a EFCC ko hukumar kare masu sayayya ta FCCPC.

Daga baya na sa hotunan shafin a manhajar binciken hoto ta Google. Bidiyon kantin na wani shago ne a Japan, hotunan kwalayen kuma daga shafukan wasu masu tara kayan aka ɗebo. Kalmar da yake yawan fakewa da ita ita ce Premium Bandai. Wannan shagon intanet ne na gaske na kamfanin, inda ake sayar da samfura na musamman da sai an yi oda a jira watanni. Da yake jiran gaskiya ne a wurin masu saye na ƙwarai, shi ya samu mafakar riƙe kuɗin mutane ba tare da an tayar masa da hankali ba.

Akwai masu kawo na asali tsakani da Allah, kuma akwai masu sayar da kwaikwayon China suna faɗa maka kwaikwayo ne a kuɗinsa. Da waɗannan ba ni da rigima. Bambancin yana fitowa ne idan ka ce a kira ka ta bidiyo, a juya kwalin a gabanka, a nuna tambari da girman da aka rubuta, a rubuta sunanka da kwanan wata a takarda a ɗora a kai. Mai kaya zai yi. Wannan mutumin sau uku ina neman haka yana cewa netiwok.

Sabon tallansa na kare ne. Bidiyon da ya sa na aibo ne, karen mutum-mutumi na kamfanin Sony da ya fara fitowa a 1999, aka daina yin sa a 2006, aka dawo da shi a 2018 a kan yen 198,000, ban da kuɗin rajistar da ake biya don ya yi aiki yadda ya kamata. Shi yana cewa naira dubu 45, rabi kafin alƙalami. Na gane shi ne ta lambar asusun da ya turo wa wani abokina da na sa ya taya, ita ce dai wadda na tura wa kuɗi, sunan mai asusun kuma bai yi kama da sunan shagon ba. Har yanzu saura guda biyu yake cewa.